Nauyi a Kan Ƙirji

Aikin da hannuna ya fi yi a watannin Maris da Afrilu na 2020 shi ne juya mutane. Ni ma'aikacin jinya ne, haifaffen Maraɗi, ina aiki a sashen kulawa ta musamman na wani asibiti da ke gefen birnin Faris. Tun ranar 17 ga Maris da aka kulle Faransa saboda korona, gadajenmu suka cika maƙil da mutanen da huhunsu ya gaza, har ta kai ana kwasar wasu a jirgin ƙasa na TGV ana kai su asibitocin yammacin ƙasar don a samu wurin sababbi. Da la'asar mu kifar da marasa lafiya rub da ciki, da hantsi mu mayar da su rigingine, kullum haka.

Mu biyar muke tsayawa a kan gado ɗaya. Ɗaya a wajen kai, ya riƙe bututun da ya shiga maƙogwaro, kuma shi kaɗai ke magana, ba mai motsi sai ya ƙirga. Sauran, biyu nan biyu can. Mara lafiyar yana cikin barcin magani, an kuma yi masa allurar da ke kwantar da tsoka, ko yatsa ba ya ɗagawa, na'ura ce ke hura masa iska. Sai mu sa shi tsakanin zanin gado biyu, mu nannaɗe gefuna, mu jawo shi bakin gado, mu tayar da shi a kan haƙarƙarinsa, mu dakata a duba ko wata igiya ta harɗe, sannan mu kwantar da shi a kan ƙirjinsa. A gyara masa wuya, a rufe masa ido da filasta, a cusa matashi duk inda ƙashi zai ci fata. Bayan ɗan lokaci ka ɗaga kai ka dubi allo, ka ga lambar oksijin tana hawa. Ba ga kowa ba, amma ga mutane da yawa.

Ciwon da muke fama da shi ya girmi korona. Likitocin Faransa suna taƙaita sunansa da SDRA, na Ingila da Amurka kuma ARDS, kuma tun 1967 aka fara bayyana shi a birnin Denver. Nimoniya na kawo shi, ƙwayoyin cuta a jini na kawo shi, haka mummunan haɗari, haka shaƙar amai, har zazzaɓin cizon sauro in ya yi tsanani. Huhu ne ke kumbura, ruwa ya tsattsafo daga jijiyoyin jini ya cika 'yan jakunkunan iska, huhun ya yi nauyi. In mutum yana rigingine, nauyin huhun da na zuciya sai ya danne ɓangaren baya, jakunkunan can su rufe. Jini kuwa can ya fi bi, ya je ya dawo bai haɗu da iska ba. Abin da ya rage a buɗe ɗan yanki ne ta gaba, ƙarƙashin ƙashin ƙirji, wanda Luciano Gattinoni na birnin Milan ya sa wa suna huhun jariri, saboda girmansa bai wuce na ƙaramin yaro ba ko da a jikin ƙato ne. Duk iskar da na'ura ta hura nan take tafiya, ta cika shi fiye da kima, ta ƙara ji masa ciwo. Shi ya sa tun wani babban bincike da aka yi a Amurka a 2000 aka rage iskar zuwa mililita 6 a kan kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawon mutum, muke kuma gadin matsin cikin huhu kada lambarsa ta haura 30.

Da ka kifar da shi sai lissafin ya sauya. Gaban ƙirji, wanda ya fi saurin buɗewa, ya tokare da katifa. Iska ta rasa sauƙin hanyar gaba, ta bazu zuwa baya, inda jini ke jiranta. Zuciya ta kwanta a kan ƙashin ƙirji ta sakar wa huhu, majina ta gangaro mu zuƙe.

A Liyon na koyi wannan aiki shekaru kafin korona, kuma garin ne ya tabbatar wa duniya amfaninsa. Farfesa Claude Guérin na asibitin Croix-Rousse, can kan tudun da masaƙan alharini suka zauna a da, ya fitar da wani bincike a 2004 inda aka riƙa kifar da marasa lafiya na kimanin awa 8 a rana. Oksijin ya hau, amma yawan mace-mace bai sauya ba. Wani da ya bari daga nan. Shi sai ya koma ya gyara: a zaɓi waɗanda ciwonsu ya fi tsanani, a fara da wuri, a bar su a kife aƙalla awa 16 a jere. A 2013 sakamakon binciken, mai suna PROSEVA, ya fito. Mutum 466 ne, a sassan kulawa 27, 26 a Faransa, ɗaya a Sifaniya. Cikin kwana 28, kashi 32.8 cikin ɗari na waɗanda aka bari rigingine sun rasu. Cikin waɗanda aka kifar, kashi 16. Babu sabon magani, babu sabuwar na'ura, zanin gado ne da hannun mutum biyar. Har yau in na tuna wannan sai in ji ƙaunar aikina ta ƙaru, domin abu ne da asibitin Maraɗi ko na Katsina zai iya, muddin yana da na'urar numfashi da ma'aikatan da aka koya wa.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya zo daga baya, a kan wani dattijo da ya daɗe a gadonmu. Huhunsa ya ƙage, matsin ya haura 30, mun rage iska har ba sauran abin ragewa. Likitar da ke bakin aiki a daren ta zo ta tsaya, ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar ƙirjinsa, ta danna a hankali ta riƙe, idonta a kan allo. Hankali ya ce in ka danne abin da ake hurawa, matsi ƙaruwa zai yi. Sai ga lambar tana sauka. Ta ɗauke hannu, ta koma sama. Ta sake dannawa, ta sake sauka.

Na ce, “Likita, me nake gani haka?”

Ta ce, “Gaban huhunsa ya cika ya ɗaure. Da na danna na rage masa, sai ya samu wurin karɓar sabuwar iska. Yana gaya mana mun yi masa yawa.”

Ta rage iskar da na'ura ke bari a huhu bayan kowane numfashi, ta zauna tana kallo. A shekarar 2021 Guillaume Carteaux da Samuel Tuffet da Armand Mekontso Dessap, na asibitin Henri-Mondor da ke Créteil a kudu maso gabashin Faris, suka wallafa bayanin wani mai korona da aka danna wa gaban ƙirji na tsawon lokaci, suka nuna yadda iska ta koma baya, matsin ya sauka. Likitoci a Italiya da Amurka sun ga irin haka, wasu da hannu, wasu da jakar ruwa ko ta yashi. Ba a kai ga nuna cewa wannan danni yana ceton rai ba yadda aka nuna a kan kifarwa. A wurinmu gwaji ne na 'yan daƙiƙu, hanyar tambayar huhu ko ya ƙoshi.

Kuma duk lokacin da aka yi shi, ido ɗaya yana kan lambar jini. Zuciya da huhu a ƙirji ɗaya suke, matsin da ya taɓa wannan ya taɓa wancan. Jinin da ya gama zagaya jiki yana komowa zuciya ne saboda matsin cikin ƙirji bai kai na waje ba. In ka ƙara matsin, komowar ta ragu, abin da zuciya za ta tura ya ragu, kuma ga wanda jikinsa ya rasa ruwa, nan take za ka ga jini ya faɗi. Ta ɗaya gefen kuma, huhun da ya cika ya ɗaure yana matse 'yan jijiyoyin da ke ratsa shi, ɓarin dama na zuciya ya yi ta tura jini cikin hanyar da ta ƙuntata har ya kumbura ya gaji. Binciken da Mekontso Dessap ya jagoranta a 2016 ya samu wannan gajiyar zuciya ga kusan ɗaya cikin biyar na masu wannan ciwo, Antoine Vieillard-Baron na asibitin Ambroise-Paré kuwa tun 2007 ya nuna kifarwa tana sauke wa ɓarin daman nauyi. To ka ga danni ɗaya yana iya sauƙaƙa wa zuciyar wani, ya durƙusar da ta wani. Ba ka sani sai ka auna.

Duk wannan da na faɗa yana da sharaɗi ɗaya, kuma shi ne dalilin wannan rubutu: mutanen nan ba su ke ɗaga ƙirjinsu ba. Na'ura ce ke tura iska da ƙarfin lantarki, ko an ɗora nauyi za ta tura, in ta kasa ta yi ƙara mu sheƙo. Wanda ke numfashi da kansa halinsa daban ne. Ƙirjinsa kamar zugazugin maƙeri yake: matsewa ba ta da wuya, buɗewar ce aiki. Sai haƙarƙari sun ɗaga, tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya sauka ya tura hanji, sannan iska ta shiga. In wani ya hau bayansa, duk numfashin da ya fitar ƙirjin ya ƙara lotsawa, ya kasa komawa inda yake. In kife yake a ƙasa mai tauri, tumbinsa ya turo tantanin sama. In an ɗaure hannayensa ta baya, ba abin da zai dogara da shi ya ɗaga kafaɗa.

Watanni biyu kafin gadajenmu su cika, ranar 3 ga Janairu 2020, 'yan sanda suka tsayar da wani mai kai saƙo a babur, Cédric Chouviat, ɗan shekara 42, uban 'ya'ya biyar, kusa da hasumiyar Eiffel. Gardama ta kaure, aka kayar da shi rub da ciki, hular kwanonsa na kansa, aka danne shi. Wayarsa tana ɗaukar sauti, kuma masu binciken da suka saurara sun ji shi yana cewa numfashinsa na ɗaukewa har sau bakwai. Zuciyarsa ta tsaya a wurin, ya cika a asibiti ranar 5 ga wata. Binciken gawa ya nuna rashin iska da karaya a maƙogwaro. Tun kafin shi, a 2007, Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta kama Faransa da laifi a kan mutuwar Mohamed Saoud, wani matashi mai taɓin hankali da aka danne a kife fiye da rabin awa a birnin Toulon a 1998.

Ban taɓa ganin Chouviat ba, amma ya daɗe a raina a makonnin nan da nake kifar da mutane da hannuna. Kwanciya iri ɗaya ce, a gari ɗaya, a shekara ɗaya. A ɗakinmu ana kallon allo, ana sauraron ƙirji, mutum biyar suna lura da bututu ɗaya. A bakin titi mutum ya faɗa da bakinsa abin da ke faruwa da shi, ba a ɗaga ba.

Akwai wata magana da na sha ji a Faransa, na kuma ji ta a gida: wai tunda yana magana ai yana numfashi. Wannan magana ta kashe mutane. Numfashin babba a zaune kusan mililita 500 ne, kuma kusan 150 daga ciki a hanya yake tsayawa, hanci da maƙogwaro da bututun iska, ba ya kaiwa inda jini yake. Magana kuwa da iskar da ke fita ake yinta, 'yar kaɗan ta isa a furta kalma biyu. Mutum na iya cewa “ku ɗaga ni” alhali abin da yake ja bai wuce maƙogwaronsa ba, kuma kowace kalma daga ajiyarsa ta ƙarshe yake cirarta. Fizge-fizgen da ake ɗauka taurin kai ne, sau da yawa jiki ne ke neman iska. Da ya yi laƙwas sai a ce ya saduda, alhali lokacin ne ƙwaƙwalwa ta fara mutuwa, kuma mintoci kaɗan take jurewa.

Faris ta san wannan tun da daɗewa. Ranar 14 ga Yuni 1837, a bikin auren ɗan sarkin Faransa, aka yi turmutsutsu a filin Champ-de-Mars, jifa kaɗan daga inda aka tsayar da Chouviat. Likita Ollivier d'Angers ya duba gawarwakin ya rubuta abin da ya gani: fuska da wuya sun kumbura sun yi shuɗi, idanu sun yi jajir. Jini ne ya kasa shiga ƙirjin da aka matse, ya koma sama ya fasa ƙananan jijiyoyi. Mu ma mun san wannan fuska. Ranar 24 ga Satumba 2015 a Mina, alhazai masu yawa daga Nijeriya da Nijar suna cikin waɗanda suka rasu. Ana cewa an tattake su, amma a irin wannan cunkoso da yawa a tsaye suke cikawa, ƙirjinsu a matse tsakanin jikin 'yan'uwansu. Duk mai niyyar Hajji da ya tambaye ni, abin da nake fara gaya masa ke nan: in ka ji jama'a ta fara ɗaukarka ba da ƙafarka ba, ka naɗe hannayenka a gaban ƙirji ka tsare wa haƙarƙarinka wuri, kada ka sunkuya ɗaukar komai, ka bi motsin kana zamewa gefe.

Bai kamata mu tsaya kan 'yan sandan wata ƙasa ba. Ina yaro na ga samarin unguwarmu sun taru kan wani bawan Allah da ciwon hauka ya tasar wa, sun kifar da shi, biyu a baya ɗaya a ƙafa, suna jiran a kawo igiya. Ba mugunta suka yi niyya ba, tsoron kada ya ji wa kansa ko wani ciwo suke. Haka ake yi wa mai farfaɗiya, haka ake yi wa wadda aka ce iska ta hau kanta ana mata ruƙiyya, haka ake yi wa ɓarawon da aka kama a kasuwa. In dole sai an riƙe mutum, a riƙe hannu da ƙafa, a bar ƙirji da ciki da wuya, kuma da an shawo kansa a juya shi kan gefensa ko a zaunar da shi, wani ya tsaya yana kallon fuskarsa yana masa magana. Mai farfaɗiya ma ba ya buƙatar riƙo: a kawar da abin da zai buge shi, a sa masa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, kada a cusa masa komai a baki, in ta lafa a kwantar da shi a gefe.

Wani zai ce ai a lokacin korona an riƙa cewa masu numfashi da kansu ma su kwanta rub da ciki. Gaskiya ne, kuma ya rage wa wasu buƙatar na'ura. Amma da kansu suke kifewa, a kan katifa, da matashi, da oksijin a hanci, babu kowa a bayansu, kuma duk lokacin da suka ji ba daɗi sai su juya. Mai asma da ta tashi kuwa ko kwantar da shi kada a yi. Jikinsa ya riga ya zaɓi zama, ya ɗan duƙa gaba ya dafa gwiwa, a bar shi haka, a sassauta masa riga, a rage taron da ke kansa, a ba shi abin shaƙarsa, a nemi mota. Ga yaro mai tari da zazzaɓi, abin da nake roƙon iyaye mata shi ne su ɗaga rigarsa su ƙirga numfashi na minti ɗaya cif yana kwance shiru. Sau 60 ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara zuwa biyar: in ya kai haka, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, asibiti za a nufa a ranar.

Wuri ɗaya ne wanda ba ma'aikacin lafiya ba zai danna ƙirji da dukkan ƙarfinsa, wato in zuciya ta tsaya. Bayan korona ta lafa an gayyace ni wani gidan ma'aikata baƙi a arewacin Faris, inda 'yan Afirka ta Yamma ke zama, in nuna musu yadda ake yi. Na shimfiɗa mutum-mutumin roba a ɗakin da suke salla, na ce alamar biyu ce: ka kira shi ka girgiza shi bai amsa ba, kuma ba ya numfashi, ko yana wani irin gurnani jefi-jefi wanda ba numfashi ba ne. A sa wani ya kira lambar agajin gaggawa, 15 ko 112 a Faransa. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, dunduniyar hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, a danna santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kuma bayan kowane danni a saki ƙirjin ya dawo daidai, domin a wannan dawowar ce zuciya ke cika da jini.

Wani dattijo Bazazzagi da ya yi shekaru yana aikin gini ya durƙusa ya gwada, ya ji yadda robar ke nutsewa ƙarƙashin hannunsa, ya ɗago.

“Ɗana, wannan ƙarfi haka, in haƙarƙarin mutum ya karye fa? Ba mu ɗauki alhaki ba?”

Na ce, “Baba, yakan karye, musamman ga tsofaffi, kuma za ku ji shi a hannunku. Kada ku tsaya. Haƙarƙari yana ɗorewa cikin makonni. In kun gaji, kowane minti biyu wani ya karɓe ku, har motar asibiti ta iso ko mutumin ya motsa.”

Ya gyara zaman hularsa, ya kira wani saurayi ya durƙusa kusa da shi don su gwada karɓar juna, ya ce in riƙa ƙirga musu.